Riyal ɗin kakanni

Jikokina, ku da kuke Mai Wurno da ƙauyukanmu na Jazira a Sudan, idan tsohuwa ta kwance ƙullin tsummanta ta ba ku riyal na azurfa mai hoton mace da mayafi, kada ku yi gaggawar kai shi wurin maƙerin farfaru. Ku zauna tukuna ku dube shi.

Matar nan ita ce Mariya Tiriza, sarauniyar Ostiriya. A bayan kuɗin akwai gaggafa mai kai biyu da shekarar 1780. To, a nan ne yara ke ruɗuwa, su zaci abin da ke hannunsu ya haura shekara ɗari biyu da arba'in. Ba lallai ba ne. Shekarar rasuwarta ce aka ci gaba da bugawa, domin fatake daga Habasha har Kano ba sa yarda da wani. Samfurin ya fito ne daga gidan buga kuɗi na Gunzburg, a Jamus ta yau, amma daga baya Biyana da Landan da Roma da Bombai duk sun buga shi da wannan shekara. Duk wanda ya ce muku shekarar kaɗai ta sa shi tsada, ciniki yake yi da ku.

Ku auna shi: na ƙwarai giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Ku shafa bakinsa da yatsa, za ku ji rubutu ya zagaye shi, an yi shi ne don kada a kankare azurfar. Ku dubi ƙananan ɗigon da ke kan maɗaurin kafaɗarta. 'Yan kasuwar da kan ƙi riyal idan sun goge. Kuma don Allah kada ku dirje shi da toka ko lemon tsami. Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son sa da duhunsa.

Na san halin da yaƙi ya jefa mu tun 2023, kuma wanda yunwa ta sa ya sayar ba shi da laifi. Amma kafin ya bar hannunku, ku tambayi tsohuwar ta ina ya zo. Sadakin uwarta ne? Ko guzurin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903? Ku rubuta amsarta a takarda, da sunan wanda ya fara riƙe shi da garin da ya baro, ku naɗe su tare.