Illo da Hanyar Gwanja

In mun duba taswira, Illo ɗan ɗigo ne kusa da Kogin Kwara, cikin ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi. Amma wanda ke son ya san yadda goro ya riƙa shigowa ƙasar Hausa, wajibi ne ya yada zango nan.

A zamanin da, ayarin fatake kan taso daga Kano da kanwa da tufafi a bisa jakuna, madugu na shugabantarsu. Sukan biyo ta Jega, su iso bakin kogi, su biya kuɗin fito, a ƙetare da su zuwa Giris, mashigin Illo. Daga nan sai su ratsa ƙasar Bargu, su wuce ta gindin duwatsun Atakora, su ci kasuwar Zugu, har su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja. Can ake sayen goro, a juyo gida bayan watanni.

Abu biyu suka rage wa wannan hanya ƙarfi. Cikin 1898 Ingila da Faransa suka shata iyaka, Illo ta faɗo hannun Ingilishi, yammacinta kuwa ya zama Dahomi, wadda aka sake wa suna Binin cikin 1975. Sa'an nan jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911, goro ya koma biyowa ta Ikko.

Duk da haka iyaka ba ta raba zumunta ba. Busawa da Dandawa suna ɓangarorin nan biyu, suna cin kasuwannin juna har yau. Saboda haka in za mu koya wa yara labarin ƙasa, mu nuna musu hanyar tukuna, kana mu nuna musu iyakar.