Darasi: Ƙasar da Ke Cin Wuta ta Ƙarƙashi

Ya ku ɗalibai, ku sani a tsibirin Borniyo, ɓangaren Indunusiya, akwai wata irin fadama mai baƙar ƙasa. Ba yumɓu ba ne. Ganyaye ne da itatuwa da suka nitse shekaru dubbai ba su ruɓe ba, domin ruwa ya tare musu iska.

A 1996 gwamnatin Suharto ta shiga haƙa magudanai don a tsane kimanin hekta miliyan 1 a shuka shinkafa. Shinkafar ba ta yi ba, ƙasar tsami gare ta. Amma da ruwa ya janye, iska ta shiga, sai ruɓa ta kankama, iskar kabon ta dinga tashi sama tana ƙara wa duniya zafi. In ta bushe kuwa, kamar kashin shanu take a murhu, a ɓoye take ci, kashe ta sai an sha wuya. A 1997 da 2015 hayaƙin gobarar ya kai Malesiya, har aka rufe makarantu, yara irinku suna ta tari. Subhanallah!

A 2016 Majalisar Malaman Indunusiya ta ba da fatawa cewa ƙona daji ko gona ta yadda zai cuci jama'a haramun ne.