Na'urar GPS ji take yi, ba gani ba

Sana'ata awon filaye, abin da jama'a suka fi sani da safiyo. Da tef da kamfas na koyi aikin, amma yau da wuya in fita ban saɓa na'urar da ke sauraron taurarin ɗan'adam ba. Ina son na'urar nan, ta rage mana wahala sosai. Abin da ya dame ni shi ne yadda mutane suka fara ba lambar da ta nuna gaskiyar da ba su ba shaidar dattawa.

Kwanakin baya aka kira ni wata gona a bayan gari da ake shirin yankawa fuloti-fuloti. Rigimar tsakanin wani dattijo ce da magadan maƙwabcinsa da ya rasu. Babban ɗan marigayin matashi ne mai ilimi, ya zo da tsohuwar takardar awon gonarsu a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun.

Ya ce, "Safiyo, ga lambobin a takarda, ga kuma abin da waya ta nuna. Baba ya shigo mana ciki sosai."

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni dai, Malam, ban san waya ba. Na san gambar nan ita ce iyaka tun mahaifin yaron nan yana da rai."

Akwai wani turken siminti na awo a bakin hanya. Na ce wa matashin, "Ɗan'uwa, ɗora wayar a kan simintin nan, kada kowa ya taɓa ta." Muka tsuguna mu uku muna kallo. Lambobin farko ba su motsa ba, amma na ƙarshe-ƙarshe sai rawa suke yi, 3 ta koma 7, ta dawo 5, ta tsallaka 9. Na faɗa masa cewa lamba ta biyar bayan ɗigo, kowane ɗaya da ta ƙaru ko ta ragu, mita ɗaya ne da ɗoriya a ƙasa. Cikin minti goma wayar ta yi yawon mita shida zuwa bakwai, alhali simintin da take kai yana nan inda aka kafa shi.

Wayar ba ta lalace ba, iyakar ƙarfinta ke nan. A fili fetal, inda babu gini babu bishiya, waya mai kyau takan kuskure da kimanin mita 5. Fuloti mai faɗin ƙafa 50 kuwa mita 15 ne. Kashi ɗaya cikin uku na faɗin fulotin ya tafi ke nan a cikin kuskuren da masu ƙera wayar ma ba sa ɗauka laifi.

Dalilin yana cikin yadda abin yake aiki. Taurarin GPS mallakin Amurka ne, suna shawagi kimanin kilomita 20,200 sama da mu, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana guda. Kowanne yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba shi da aiki sai shela: ni ne wane, ina wuri kaza, yanzu lokaci kaza. Wayarka ba ta aika musu komai, su ma ba su san da zamanta ba. Saurare take yi, ta auna jinkirin da kowace shela ta yi kafin ta iso, sannan ta haɗa na taurari aƙalla huɗu ta ƙiyasta inda take. Shelar tana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa mita 300 ne a ƙasa. Haka tsarin GLONASS na Rasha yake, haka Galileo na Tarayyar Turai, haka BeiDou na ƙasar Sin.

Kafin saƙon ya iso ƙasa ya galabaita, har ƙarfinsa bai kai na hayaniyar da lantarkin cikin na'urar kanta ke yi ba. Kamar mai neman jin raɗa ne a Kantin Kwari ana gobe Sallah. A lungunan cikin birni ko tsakanin benaye, saƙon yakan bugi bango ko rufin kwano kafin ya shiga na'ura, tafiyarsa ta ƙara tsawo, na'urar kuma ta lissafa da hakan ba tare da ta sani ba.

Mu masu awo da na'ura biyu muke fita. Ɗaya mu kafa ta a kan turken da aka riga aka san lambobinsa, ita ce ke gane kuskuren da ke cikin saƙon a wannan lokacin ta aika wa ta biyun gyara. Da haka ake samun awon da bai wuce kuskuren 'yan santimita ba. Akwai kuma tashoshin dindindin na NIGNET da ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya kafa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Birnin Kebbi, da na Yola.

Wani abin da matashin nan bai sani ba, kuma mutane da yawa ba su sani ba, shi ne tsofaffin takardun awo a Najeriya an gina su ne a kan ma'aunin Minna, wayoyi kuwa da ma'aunin WGS 84 suke aiki. Wuri guda yana da lambobi daban a kowannensu, kuma tazarar gomman mitoci ce. Wanda ya kwafi lamba daga tsohuwar takarda ya zuba ta cikin waya ba tare da an juya ta ba, zai iya tsayawa a tsakiyar gonar wani yana rantsuwa tasa ce.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu nan fiye da mutanen Turai. Wata shekara cikin watan Maris, saboda zafin rana, muka yanke mu fara aiki bayan la'asar mu kai har dare. Komai yana tafiya daidai har muka yi sallar magariba. Muna dawowa na'ura ta fara gardama, ta kama ta saki, ta kama ta saki. Na fara ɗora laifin a kan yaron da ke riƙe da sanda, na ce hannunsa ke rawa. Na canza batir. Na kashe na kunna. Washegari da safe, a wurin nan dai, da na'urar nan dai, da yaron nan dai, ko gezau ba ta yi ba. Sai da na ba shi haƙuri.

Abin da ya faru a sararin sama yake. Daga tsayin kilomita 60 zuwa kusan 1,000 akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cika shi da lantarki, kuma dole saƙon tauraro ya ratsa shi. A ƙasashen da ke kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu, wanda ya ratsa Afirka ta Yamma ta cikin Najeriya, wannan sashen yakan hargitse bayan faɗuwar rana, ya yi ramuka-ramuka, saƙon ya riƙa ƙyaftawa kamar fitila a cikin iska. Abin ya fi tsanani daga bayan magariba zuwa wajen tsakar dare, musamman a watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, kuma yana ƙaruwa a shekarun da rana ta fi tashin hankali a zagayenta na shekara 11. A 2024 aka shiga ganiyar zagayen da muke ciki. A ranakun 10 da 11 ga Mayun shekarar aka yi wata babbar guguwar maganaɗisu daga rana, har manoma a Amurka da Kanada, waɗanda taraktocinsu ke bin layin shuka da GPS, suka dakatar da aiki ana tsakiyar shuka. Tun daga wancan Maris ɗin, turken da na auna bayan magariba sai na sake aunawa da safe.

Duk waɗannan ikon Allah ne. Wanda ya fi tayar wa masu bincike hankali yanzu shi ne na hannun mutum, kuma iri biyu ne.

Na farko toshewa. Tun da saƙon ba shi da ƙarfi, ƙaramar na'urar da ba ta fi cazar mota ba ta isa ta danne shi. A 2013 hukumar sadarwa ta Amurka ta yanka wa wani direba tarar kusan dala 32,000. Ya jona irin wannan na'ura a motar kamfanin da yake wa aiki don kada a riƙa bin sawunsa, bai san yana rikita na'urar saukar jirage ta filin jirgin saman Newark ba. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na Estoniya na tsawon wata guda, bayan jiragensa biyu sun juya ba su sauka ba saboda katsalandan ga GPS. Toshewa dai tana da kirki ta fuska ɗaya: na'ura takan yi shiru, ka san ka rasa ta.

Na biyun shi ne sojan gona. Tsarin saƙon GPS da farar hula ke amfani da shi a buɗe yake, an wallafa shi don masu ƙera na'urori, kuma babu sa hannu a jikinsa. Na soja ne aka kulle. Saboda haka wanda ya iya zai iya ƙirƙirar saƙon ƙarya mai kama da na tauraro, ya ɗan fi na gaskiya ƙarfi, na'ura ta saki gaskiya ta bi shi. A 2013 Farfesa Todd Humphreys na Jami'ar Texas da ɗalibansa suka gwada wannan a Bahar Rum, da izinin masu jirgin, a kan wani jirgin ruwan alfarma mai suna White Rose of Drachs. Sannu a hankali suka karkatar da jirgin daga hanyarsa, allon da ke gaban matuƙi kuwa yana nuna masa komai lafiya. A watan Yunin 2017 abin ya fita daga gwaji: jiragen ruwa kimanin 20 a Bahar Aswad, kusa da tashar Novorossiysk ta Rasha, na'urorinsu suka nuna musu wai suna tudu, a filin jirgin saman Gelendzhik. Waɗancan sun ci sa'a, don ƙaryar ta yi girman da matuƙi ya leƙa taga ya ga ruwa. Wadda nake tsoro ita ce ta mita 20 ko 30, wadda ba ta da taga.

Ba masu tafiya kaɗai abin ya shafa ba. Turakun sadarwar waya, da layukan wutar lantarki, da tashoshin yaɗa labarai a ƙasashe da dama daga GPS suke saita agogonsu. A Janairun 2016, lokacin da ake sallamar wani tsohon tauraro daga aiki, kuskuren kashi 13 cikin miliyan na daƙiƙa ya shiga lokacin da wasu taurarin ke shelantawa, har ya taɓa rediyon dijital na BBC a Birtaniya. A Yulin 2019 kuma Galileo ya tsaya kusan mako guda saboda matsala a tashoshinsa na ƙasa.

Masu bincike ba su zauna ba. Kowace shekara hukumomin Norway suna tara masu ƙera na'urori a tsibirin Andøya, a kunna musu toshewa da sojan gona da gangan a fili, kowa ya ga inda tasa ta gaza. A 2025 Galileo ya fara aiki da tsarin OSNMA, wanda ke sa hannu a kan saƙon don na'ura ta iya tantance cewa daga tauraron ya fito. Ci gaba ne, amma a ganina kada a yi masa kallon maganin komai. Ba ya hana toshewa, kuma sai na'urar da aka ƙera don ta karanta sa hannun ke amfana da shi. Kafin ya zama ruwan dare a wayoyi da tirakokin bin sawun mota da ke kasuwanninmu, da sauran tafiya.

Maganar tiraka ta tuna mini. Masu ba da mota ko adaidaita sahu haya sukan nuna mini taswira a waya, sun ga abin hawansu ya yi tsalle zuwa wata unguwa ko ya ɓace na rabin sa'a, ransu a ɓace. Yana iya zama direban ya yi ba daidai ba. Yana iya zama kuma an ajiye abin ne a ƙarƙashin rumfar kwano, ko sabis ɗin waya ne ya yanke. A duba layin tafiyar gaba ɗaya tukuna, a ga ko mota za ta iya yin wannan tsallen a wannan lokacin, kafin a kira bawan Allah ɓarawo. Mai duba taswira a waya kuma ya lura da inuwar da ke kewaye da shuɗin ɗigon da ke nuna inda yake. Faɗinta shi ne na'urar ke gaya maka iyakar saninta, kuma ko wannan ƙiyasi ne. Mu a wurin aiki ba ma fara awo sai mun ɗora na'ura a kan turken da muka san lambobinsa mun ga ta faɗi daidai, ba ma naɗe kaya sai mun koma kansa mun sake tambayarta.

A gonar can, washegari na dawo da kayan aiki. Na juya lambobin takardar daga ma'aunin Minna, na kafa na'ura a kan simintin bakin hanya, muka bi ta biyun har ta tsayar da mu a wani wuri da babu komai sai rairayi. Na sa aka kawo fartanya. Ba a yi nisa da tono ba ta ci karo da kan tsohon turke, lambarsa tana nan a jiki duk da gefensa ya ɓantare. Yana taku biyu daga gambar dattijon, ta ɓangaren gonar dattijon, gambar ce ta yaɗu cikin shekaru ta ɗan ci gaba. Mai unguwa ya sa aka share kan turken, aka tara masa duwatsu a kewaye, kowane ɓangare ya ɗauki hotonsa da waya.