Darasi na 11: Idan jinya ta yi tsawo, me nas za ta iya yi?

Iyayena da yayyena, wannan darasi yana da nauyi, amma tunda jinya ce ta fi kawo mu gaban akwati neman rancen gaggawa, dole mu taɓa shi.

A wasu ƙasashe doka ta yarda a ba mara lafiyar da aka fid da rai da warkewarsa maganin da zai ƙarasa shi, in shi da kansa ya nema. Holan da Beljiyam sun fara a 2002, Kanada a 2016. Ko a can kan ma'aikatan jinya a rabe yake: wasu na ganin tausayi ne, wasu sun ce hannun da ke ba da magani ba ya ɗaukar rai. A Najeriya laifi ne, a Musulunci ma haramun ne. To in ciwon daji ya ci ƙarfin tsohuwa har tana cewa "ku bar ni in huta", kada wadda ta ja nas gefe ta roƙe ta wata allura. Ba za ta yi ba.

Abin da za ki roƙa shi ne a rage mata zafi. Akwai magunguna masu ƙarfi irin su mofin, da likita ke rubutawa, kuma ba da su bisa ƙa'ida ba kisa ba ne. Nas za ta nuna miki yadda ake juya ta duk awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito, da yadda ake jiƙa mata baki.

Ni abin da ya fi damuna a nan Sabon Birni daban ne. Ana tura mu asibitin koyarwa na Sakkwato, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya, sai kuɗi su ƙare mu ce "a sallame mu". Wanda likita ya ce magani ya daina yi masa amfani, komawa da shi gida ba laifi. Amma wanda zai iya tashi, rashin kuɗi ne kawai ya dawo da shi, wannan kam aikin asusun taimakonmu ne. Kafin ki sa hannu a takardar sallama, ki tambayi likita kai tsaye: maganin nan na warkewa ne ko na rage zafi?

A zaman mako mai zuwa kowace ƙungiya ta tsayar: nawa za a iya cirewa daga asusun taimako don jinya, kuma su wa za a kira in abin ya taso da dare?