Kafin Ki Dangwala Yatsa a Takardar Sulhu

Makon jiya aka sallami wata yarinya 'yar shekara 5 daga asibiti a nan Gumel, hannunta da ƙafarta na dama ba sa motsi. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce irin wadda sikila ke kawowa, bayan zazzaɓin cizon sauro ya ƙona mata jini. Ya ce da an kawo ta da wuri, wataƙila da abin bai kai haka ba. Ni lauya ce, sulhun ma'aurata da rikicin riƙon yara shi ne aikina, kuma takardun iyayen yarinyar nan suna kan teburina. Raina a ɓace nake wannan rubutu.

Uwar 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Sule Tankarkar. Uban dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari, mutumin da ranar Alhamis ɗaya yake iya juya abin da wani ba ya samu a shekara. Ta je suna gidansu da yaranta biyu, namiji ɗan shekara 8 da wannan yarinya, sai ga saƙon murya ta WhatsApp a wayar yayanta, saki ɗaya. Mijin ya sa kwaɗo ya garƙame ɗakinta da duk kayanta a ciki. A gidan ubanta ta yi idda, ko ƙwayar gero bai aiko ba, kuma babu dattijo ɗaya a ɓangarorin biyu da ya buɗe baki ya ce ba haka Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce a yi ba.

Idda na cika sai ga ɗan sulhu ya ɓullo. Kun san irinsu. Kati a rataye a wuya, jaka a hammata, yau shi wakilin kare haƙƙin ɗan Adam ne, gobe shi ɗan jarida ne, kullum yana gindin darbejiya yana jiran wadda ido ya raina fata. Ya karɓi na mota a wajen yayanta, ya karɓi na goro a wajen uban yaran. Ya buga takarda da Turanci, shafi guda. Matar nan ta sauke Alƙur'ani, tana karanta ajami, amma ba ta yi boko ba. Da ta tambayi abin da ke ciki sai aka ce mata shaidar karɓar kayan ɗakinta ce da keken ɗinkinta. Kawunta da ya rako ta ya ce, "Ke dangwala mu tafi, rana tana yi." Ta dangwala.

Takardar tana gabana. Ta ce ta yafe riƙon yaran duka biyu har abada, ta yafe ciyarwar baya, kuma ba za ta kai ƙara ko'ina ba. A ranar aka sauke mata gado da kwalla, aka ɗora yara a motar da ta kawo kayan.

Namijin bai yi sati biyu a gidan ba aka haɗa shi da wani malami, aka tsallaka da shi tsangaya a ƙasar Damagaram. Macen aka miƙa wa amaryar uban, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Ban ga laifin amaryar nan ba ko kaɗan, domin babu wanda ya gaya mata yarinyar tana da sikila. Uwar ta ɗaure katin asibiti da ƙwayoyin da yarinyar ke sha kullum a leda, ta ba wani direba ya kai wa uban kasuwa. Ya dawo da ledar, wai ba ya son komai daga gidan nan. Damina ta sauka, babu gidan sauro, babu magani. Da zazzaɓi ya zo aka yi ta jiƙe-jiƙe da allurar kemis, har ranar da yarinya ta tashi bakinta a karkace. Wata maƙwabciya ce ta ji tsoron Allah ta kira uwar a ɓoye.

Sai a lokacin ta zo wurina. Na ce, "Baiwar Allah, duk watannin nan ina kika shiga?" Ta ce, "Barista, an ce mini tunda na sa hannu ko Dutse na je babu abin da za a yi."

Muka aika wa uban, ya zo da wansa. Yana zama ya ce, "Hajiya, ɗa na uba ne. Ita gobe aure za ta yi, ni ba zan ciyar da gidan wani ƙato ba, 'ya'yana kuma ba za su zama agola ba." Da aka zo maganar cutar ya ce a danginsu babu ita, daga wajen uwarta ta kwaso. Na ce, "Alhaji, sikila ba ta kama yaro sai uwa da uba sun haɗu sun ba shi. Rabinta naka ne." Sannan na buɗe masa Risala da Muhtasar, littattafan da alƙalin da yake tinƙaho da shi zai buɗe. Riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. In uwa ta auri bare, riƙo ya koma ga uwarta, sannan 'yar'uwarta, kakar wajen uba ma tana gabansa a layi. Ciyarwa kuwa tana wuyansa duk inda yaran suke. Wan nasa ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Hajiya ba mu taɓa jin haka ba." Mutanen da ke zuwa tafsiri duk azumi ke nan.

Yarinya ta koma hannun uwarta. Mun rubuta sabuwar yarjejeniya da Hausa, aka karanta a gaban alƙali, ya shigar da ita a matsayin hukunci. Namijin har yanzu yana ƙetare. Daga Maigatari zuwa iyaka taku kaɗan ne, amma sammacin kotun Najeriya ba ya aiki a Nijar. Lallashi kawai muke yi ta hannun abokan kasuwancin uban. Wanda ya ga yadda aka rufe iyakar nan a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, ya san abin da ake nufi da a ce ɗanka yana can kai kana nan.

Saki yana kashe aure, ba ya kashe haihuwa. Riƙo haƙƙin yaro ne kafin ya zama na uwa ko na uba, don haka ba a musayarsa da gado da katifa. Sulhun da aka yi da yaudara ba sulhu ba ne.

Mata, kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku da Hausa ba. Kuma ba wanda ya rubuta ta ne zai karanta miki ba, ki nemo naki. Kayan ɗakinki naki ne, ba sai kin ba da komai a madadinsu ba. Ko kin riga kin dangwala, ki zo. Akwai kotun shari'a, akwai babbar kotun shari'a, akwai ta ɗaukaka ƙara a Dutse. Jigawa tana da dokar kare yara tun 2021. Wannan "na bar shi da Allah" da kuke yi, a kan haƙƙinki ki yi ta in kin so, amma haƙƙin yaro ba naki ba ne da za ki yafe.

Ba kuma cewa nake mata ba su da nasu ba. Na ga wadda ta ce wa yara ubansu ya mutu, alhali yana Gagarawa yana noman riɗi. Na ga wadda ake aiko wa kuɗin makaranta tana zuba adashi. Na ga wadda uba zai yi tafiya ya zo ganin ɗansa, ta tura yaron maƙwabta ta ce ba ya nan. Ranar da aka kai ki gaban alƙali a kan wannan, kada ki neme ni.

Maza, ku daina sace 'ya'yanku da sunan yawon salla. Ku daina tura yaro almajiranci don kawai uwarsa ta ji zafi, wannan ba neman ilimi ba ne. Masu kafa hujja da hukuncin tafiyar buridi shida don karɓe yaro daga uwarsa kuma, maganar mai ƙaura ce ya tare a wani gari, ba ta mai zuwa cin kasuwa Legas da tirelar shanu ba.

Yanzu ga abin da ya fi cina, wato sulhun fatar baki. Dattawa su zauna a zaure, a ce kowa ya yi haƙuri, a shafa fatiha, a watse. Wa zai riƙe yara? Haƙuri. Nawa za a bayar? Zai dinga yi daidai ƙarfinsa. Yaushe? In Allah Ya hore. Bayan wata biyu sai rigima ta dawo sabuwa fil. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i mai hukunci ta ce a tayar daga dangin miji, a tayar da wani daga dangin mata, wato mutanen da za su yanke magana, ba 'yan rakiya ba.

A rubuta komai. Tiya nawa ta gero ko dawa a wata, kuɗin cefane nawa, ranar nawa ga wata, ta wane asusu. A ajiye rasit na POS, domin "na ba direba ya kawo" ba hujja ba ce. A sake duba adadin duk bayan kaka, tunda kuɗin bara ba ya sayen hatsin bana. Wa ke biyan makarantar boko da ta Islamiyya, wa ke ɗinkin salla. Ƙaramar salla a ina, babba a ina, dogon hutu kwana nawa a gidan uba. Ba za a fitar da yaro daga gari ko a sauya masa makaranta ba sai da sanin ɗayan. Katin asibiti da magani suna bin yaro duk inda ya kwana, kuma duk matar da za ta riƙe shi ko na dare ɗaya ne a gaya mata cutarsa.

Sai kuma abin da kusan kowa ke mantawa, wato mutum na uku da aka ambaci sunansa a cikin takardar. A Amurka kotuna kan naɗa wani takanas don wannan aiki, ya tsaya tsakanin iyayen da ba sa ga maciji, ya warware ƙananan rigingimu kafin su koma kotu. A Ingila tun 2014 sai an fara zuwa wajen mai sulhu kafin a shigar da yawancin irin waɗannan ƙararraki. Mu muna da mutanen a gida: mai unguwa, limami, gwaggo, malamar Islamiyya. A zaɓi ɗaya da duka biyun ke jin nauyinsa. A gidansa za a miƙa yara a kuma karɓe su, shi za a kira in ciyarwa ta makara, shi zai kai wa alƙali labari in an saɓa. Ba yaro ba. Ku daina aiken ɗan shekara 7 da "je ka ce wa ubanka".

Inda akwai duka ko barazana, ba a fara da zaman sulhu, wannan maganar hukuma ce.

Ku kuma kawunnai da baffanni masu zuwa shaida kuna duba agogo, in kuna sauri ku zauna a gida. 'Yan kati a wuya, takardunku suna zuwa hannunmu ɗaya bayan ɗaya, da sa hannunku a ƙasa.

Na sake faɗa, kada ki dangwala. Duk wanda ya kawo miki takarda ya ce sulhu ne, ki ce masa ku je a karanta a gaban alƙali. In ya ƙi, kin san abin da ke ciki.