RAWAR ƁARIN FUSKA DA MAGANINTA

A al'adance, idan ido ya yi rawa akan ce za a ga baƙo. Irin wannan rawa takan wuce cikin 'yan kwanaki. Amma akwai wadda ba ta wucewa. Takan fara daga fatar ido ɗaya, sannu a hankali ta gangaro kumatu da gefen baki, har idon ya riƙa rufewa da kansa. Ɓari ɗaya kawai take kamawa, kuma ko cikin barci ba ta dainawa. Ta fi samun mata da waɗanda suka haura shekara 40.

Mene ne sanadinta?

Wannan cuta ba shafar aljanu ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma shanyewar ɓarin jiki ba ce. Galibi wata jijiyar jini ce ke danne jijiyar da ke motsa naman fuska, daidai inda ta fito daga tushen ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarta daga wani, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai ita, ko shi ya ɓuya a ɗaka don kunya.

Allurar botulinum

Maganin da likitoci suka fi amfani da shi allura ce da ake haɗawa daga dafin wata ƙwayar cuta. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ya fara gwada ta, hukumar magunguna ta ƙasar kuma ta amince da ita a 1989. Likita yakan sa ɗan ƙanƙanin awo a naman da ke kewaye da ido da kumatu, sai naman ya saki. Akan ga sauƙi cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu.

To, amma fa a lura: allurar ba ta raba mutum da cutar. Ƙarfinta yakan ƙare bayan kamar wata uku ko huɗu, sai an sake. Wani lokaci fatar ido takan faɗo, ko baki ya ɗan karkace, amma wannan yakan wuce. Waraka ta dindindin sai da tiyatar da ke raba jijiyoyin biyu.

Ina za a nufa?

Mazaunin Bulumkutu a Maiduguri, alal misali, sai ya fara da Asibitin Umaru Shehu da ke unguwar, ya nemi a tura shi ga likitan jijiyoyi ko na ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Haka kowa zai yi a nasa garin.

Gargaɗi

Ana jan kunnen jama'a kada su yarda a yi musu wannan allura a kemis ko gidan kwalliya. Dafi ce, kuma sai a firji ake ajiye ta. Idan awo ya wuce kima, tana iya hana haɗiya da numfashi. Wanda kuwa fuskarsa ta karkace farat ɗaya, ko hannunsa ya mutu, a garzaya da shi asibiti nan take, domin wannan wata cuta ce dabam.