Darasi: Ilimin tsara gari da haƙƙin talaka

Kowane gari yana da tudu da kwari. Idan an raba filaye, mai hali yakan sami tudu, talaka kuwa a bar masa kwari, inda ruwan damina yake kwanciya, inda kuma ake zubar da shara. Wannan ba ƙaddara ba ce. Mutane ne suke yanke shawarar inda hanya za ta bi, da inda za a haƙa magudanar ruwa, da inda kasuwa za ta zauna. Akwai ilimi na musamman domin wannan aiki, ana kiransa ilimin tsara birane da yankuna. A darasin nan za mu duba rayuwar wani malami da ya ba da ƙarfinsa ga wannan ilimi, mu ga abin da za mu koya a Baure da sauran ƙasar Daura.

Wane ne shi?

An haifi Farfesa Akin Mabogunje a Kano a shekarar 1931. Ya yi karatun labarin ƙasa a Ibadan da Landan, ya kuma koyar shekaru da yawa a Jami'ar Ibadan. A 1968 ya buga littafi a kan yadda biranen Nijeriya suke girma. Daga 1980 zuwa 1984 ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan kujera. Ya rasu a 2022 yana da shekara 90.

Abu uku daga aikinsa

Na ɗaya, a san mutane kafin a zana taswira. A 1976 gwamnatin Murtala Muhammed ta yanke shawarar mai da babban birnin ƙasa Abuja. Mabogunje ya jagoranci masanan da suka binciki ƙasar, suka kuma ƙidaya mazaunanta, Gbagyi da sauran ƙabilu. Da farko niyyar gwamnati ita ce ta kwashe kowa. Da aka ga yawan jama'a da kuɗin diyya, sai aka sauya shawara. Wurin da wasu suka ɗauka daji ne, ashe gida ne da gona da kabarin kakannin wasu.

Na biyu, talaka yana da abin da zai kawo. A farkon shekarun 1990 ya shugabanci hukumar bankunan al'umma, inda mutanen gari suke haɗa kuɗinsu su ba juna rance. A 1999 kuma ya taimaka aka tara mutanen Ijebu-Ode, manoma da 'yan kasuwa da sarakuna, suka tsara yadda za su rage talauci da kansu.

Na uku, ƙasa marar takarda tana cikin haɗari. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi shugaban kwamitin gyaran sha'anin mallakar ƙasa. Damuwarsa ita ce yawancin manoma ba su da shaidar gonakinsu. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar haƙƙin zama a karkara. Amma mutum nawa ne cikinmu suka nemi wannan takarda?

Idan ba a yi adalci ba, abin yakan yi muni. A 1990 an rushe unguwar Maroko a Legas, aka kori mutane wajen 300,000. Yau gidajen masu kuɗi ne a wurin.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce, mu ai mutanen ƙauye ne. Amma Baure da Babban Mutum da Zango da Mai'aduwa suna girma, gonakin bakin gari suna komawa fulotai. Ƙasarmu rairayi ce, muna kan iyaka da Nijar, iska da zaizaya suna cin gona in babu itace. Idan aka toshe hanyar ruwa da gini, gidan laka ne yake fara faɗuwa. Idan aka cinye burtali, rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyaran gari kafin ya cika ya fi sauƙi.

Abin da za mu iya yi

• Mu zauna da mai unguwa da dagaci mu zana taswirar ƙauyenmu, ko a ƙasa ne da sanda. Mu nuna rijiya, burtali, makabarta, hanyar ruwa da filin makaranta.
• Mata su kasance a zaman, domin su suka fi sanin wahalar ruwa da itacen girki.
• Mu taimaki gwauraye da marayu su rubuta iyakar gonakinsu a gaban shaidu.
• Kada a haƙa masai kusa da rijiya, kada kuma a sare gawo da sauran itatuwan gona.
• Mu ƙarfafa yaranmu, maza da mata. Ana koyar da tsara birane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Yaro mai son lissafi da labarin ƙasa zai iya. Ɗan da ya taɓa kwana a ɗaki mai yoyo ba zai manta da mutanen kwari ba idan alƙalami ya zo hannunsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ƙauyenmu, su wane ne suke zaune inda ruwa yake kwanciya? Me ya kai su can?
2. Idan aka zo raba gonakin bakin gari, wa zai yi magana a madadin marar ƙarfi?
3. Wane abu ɗaya za mu gyara tare kafin damina ta sauka?